Kilo Ɗaya da Rabi

Kilo hamsin suka ce. Wanda bai kai ba, ba za a sa shi cikin gwajin ba. Baba kuwa arba'in da takwas da rabi ne, babu tantama, don a kan sikelinsa na auna shi, kuma shekararsa talatin yana gyaran sikeli.

Ciwon daji ne ya tsaya masa a hanyar abinci. Tun yana haɗiye loma da ruwa, har ya kai madara ma sai ya yi ta kokawa da ita. Likita ta ce akwai sabon magani da ake gwadawa: za a zura siririn bututu ta baki, a yi wa ciwon allurar wasu ƙwayoyin halitta da aka gyara, don ya yi laushi, sannan a bi shi da kemo, ruwan maganin nan mai ƙarfi. Ba ta yi mana alƙawarin komai ba. Amma mutum goma sha biyu kawai za a ɗauka, ni kuma na riga na sa rai.

Ranar awo tun da safe na kasa zama. Na share ɗaki sau biyu, na dafa ruwan da ba mai sha. Daga ƙarshe na shiga shagonsa na ɗauko duwatsun awo uku na ƙarfe, 'yan rabin kilo, na ɗinke su cikin rigar sanyinsa. Da na sa masa rigar, sai kafaɗunsa suka sauka. Ya dube ni. Wannan fa mutum ne da ya taɓa koro mahauci daga shago saboda ya nemi a ɗan karkata masa allurar sikeli. Sai kawai ya ɓalla maɓallansa. Kallon nan ya fi min zagi ciwo.

A asibiti na ƙirga kujerun layi, na leƙa taga, na dawo. Nas ta kira mu, ta ce ya cire takalmi.

"Rigar fa, Baba?"

"Sanyi yake ji," na yi caraf na amsa.

Hamsin cif. Ta rubuta. Sai da na ji kamar in rungume ta.

Likita ta karɓi takardar, ta ja ɗan kalkuletarta tana dannawa. "Madalla. Da nauyin nan zan lissafa kemonku, Baba. Kowane kilo da rabonsa. Jikinku ya yi rauni, in maganin ya ɗara ko kaɗan, ƙoda ce za ta ji jiki."

Na shiga lissafi a zuci: kilo ɗaya da rabi, me aka yi aka yi shi? Ai ba zai kashe mutum ba. To in ya kashe fa? In na yi magana a cire shi, in na yi shiru ni na zuba masa guba.

"Auta," in ji Baba da dasasshiyar muryarsa, "ba ni almakashin can."

"Baba, don Allah."

"Ba ni."

Ya farke ɗinkina a hankali, kamar yana kwance sikelin wani. Ya miƙe, ya jera duwatsun uku a kan sikelin asibiti, ya sunkuya ya karanta.

"Ɗaya da rabi daidai. Likita, sikelinku ba shi da laifi. Nawa ne ya karkata."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Haushinsa nake ji, da kunya, da tsoro, duk a haɗe.

Likita ta daɗe tana kallon duwatsun, sannan ta soke hamsin ɗin da biro. "Kwana goma ya rage a rufe sunaye. Sau biyu kuna ƙin bututun abinci ta hanci, Baba, alhali shi ne zai ƙara muku nauyi."

"Na ƙi. Mutum da bakinsa a ce ya ci ta hanci?" Ya juyo ya dubi rigar da na ɗinke. "Amma tunda abin ya kai 'yata ga wannan, sa min. Yau."

Nas ta fita ɗauko bututun. Ya kwashe duwatsun ya zuba min a hannu.

"Mayar da su inda kika ɗauko. Kowace safiya ki ɗora ɗaya kusa da gadona, in san nauyin da ake bi na."

Hannunsa bai kai su nauyi ba.