Uwais Ya Bar Mini Makulli

Sau biyu aka sace wa yayana Uwais babur. Na biyun a ƙofar masallaci aka ɗauke, yana cikin sahu. Shi ya sa da ya sayi na uku bai kawo shi gida Ba'awa ba sai da ya biya wajen wani makanike a Kiru, aka sa masa na'urar hana sata.

Abin ɗan maɓalli ne a ɓoye. In ka tayar da babur ba ka danna shi ba, zai ɗan yi tafiya da kai sannan ya mutu, ko wuni za ka yi kana buga kik ba zai tashi ba. Makaniken ya ce kada ya nuna wa kowa, Uwais kuwa ya riƙe maganar kamar wasiyya. Na tambaye shi har na gaji.

"Kai Mujitaba, da bakinka ba ya shiru a majalisa?" in ji shi. Gaskiya ya faɗa, amma na ji haushi. Matarsa Karima ta yi ta yi mini dariya, tana cewa ita ma da take dafa masa tuwo bai nuna mata ba, balle ni.

Bayan shekara guda aka yi rasuwa a Doguwa, Uwais zai tafi ta'aziyya a mota. Lokacin cikin Karima wata takwas. Ya miƙo mini makullin babur ɗin a zaure.

"In wani abu ya taso ka kai ta asibitin Kiru."

Na karɓa na jefa a aljihu. Bai tuna da maɓallin ba, ni ma ban tuna ba, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Bayan azahar Iya, mahaifiyarmu, ta same ni a gona ko mayafi babu. Ta ce Karima jini take zubarwa. Muka ɗora ta a tsakiya, Iya ta riƙe ta ta baya, na ja babur. Mun wuce gonakin dawa ke nan ya yi tari sau biyu ya mutu. Na buga kik, na sake bugawa. Na buɗe tanki, mai a cike. A nan na tuna da maɓallin.

Na kira Uwais ya fi sau ashirin, wayarsa ba ta shiga, ashe motarsu tana cikin dajin Falgore. Na laluba ƙarƙashin kujera, na laluba bayan fitila, na tsinke wayoyi biyu da haƙori. Ina kuka ina zagin ƙarfe kamar mahaukaci. Iya ta shimfiɗa zaninta a gindin ɗorawa ta kwantar da Karima.

"Mujitaba," in ji Karima, da ƙyar nake jin ta, "bar zagin nan. Zo ka yi mini addu'a."

Sai wajen la'asar Malam Bala, wani manomin ƙauyenmu, ya biyo da amalanken shanu, muka ɗora ta a kai. Kafin mu kai bakin kwalta Iya ta ja mayafin Karima ta rufe mata fuska. Da ita da abin da ke cikinta duk muka rasa.

Washegari bayan jana'iza ni da Uwais muka taka zuwa inda na yar da babur ɗin. Yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Uwais ya tsuguna ya haɗa wayoyin da na tsinke. Ya hau, ya murɗa makulli, ya buga kik. Ina kallo hannunsa na hagu ya zame tsakanin tanki da kujera, daidai inda gwiwata ta tokare jiya.

Babur na ta ruri. Uwais ya ɗago hannun ya zuba masa ido, hawaye na bin gemunsa.

"Wallahi Mujitaba," in ji shi, "ban ma san na danna ba."