Sigar da Alƙasum Ya Share

Tun da na kunna ordinatar biro, wato kwamfutar ofis, safiyar Talatar da na dawo daga hutu, jikina ya ba ni akwai abin da ba daidai ba. Taswirar rijiyoyi ta fito kore shar, alamar akwai ruwa, duka ashirin da huɗu, a tsakiyar bazara. Ni Hafsatu, shekara biyar ina wannan aiki a Tawa, ban taɓa ganin haka ba.

Aikinmu a ƙungiyar makiyaya ba shi da yawa. Kowace rijiya tana da na'urar auna ruwa, manhajarmu tana karantawa, ta aika wa makiyaya saƙon murya da aka naɗa da muryata: nan akwai ruwa, can babu. Wajen karatun tana dogara da wani ƙunshin lissafi da wasu suka rubuta. Siga biyu na ƙunshin muke da su, tsohuwa da sabuwa, kuma shirin da ke jera mana ƙunshi, wanda muke wa laƙabi da mai magaza, wato mai sito, yana ajiye kowace a ɗakinta. Rahoton biro yana son sabuwa. Saƙon makiyaya da taswirarsa kuwa na ɗaure su da tsohuwa, da gangan.

Na duba, ɗakin tsohuwa wayam.

Alƙasum, abokin aikina, mutum ne mai son tsabta har ta yi masa yawa. Ko alƙalami biyu ya gani a tebur sai ya ɓoye ɗaya.

"Malam Alƙasum, wa ya taɓa mai magaza?"

"Ni na. Wuri ya cika, na ishe abu biyu suna guda, sai na hidda tsohon. Na kwance ɗaurin ma, komi na tahiya lahiya lau. Mi ya hwaru?"

"Yaushe?"

"Kwana tara ke nan."

Bambancin sigogin ɗaya ne, kuma laifina ne da ban taɓa rubuta shi ko'ina ba, a kaina kawai yake. Idan na'urar rijiya ta yi shiru, tsohuwa takan ce ba a sani ba. Sabuwa kuwa sai ta maimaita abin da ta ji na ƙarshe, kamar ba abin da ya faru.

Na maido da tsohuwa. Kore ya fara gushewa. Rijiya bakwai suka koma toka, alamar ba a sani ba. Ta arewa da Takanamat, mai tafiyar kwana uku a ƙafa, rabonta da magana tun watan azumi.

Na buɗe jerin waɗanda suka saurari saƙon wannan rijiya. Mutum goma sha ɗaya. Na huɗu Zubairu, yayana, mai shanu sittin da 'ya'ya biyu a bayansa. Ran Asabar ya saurara, har sau biyu, don shi mutum ne mai tabbatarwa.

Na kira shi, babu rezo, layin bai shiga ba. Na kira matarsa Zalika.

"Ai sun tashi tun Lahadi da asuba," in ji ta, da fara'arta. "Bai ko ɗauki jarka ta biyu ba. Ya ce muryakki ce ya ji, ke kuwa ba ki taɓa yi mai ƙarya ba."