Tantunan Takarar Lawali

Kun ji saƙon Inna Hajara. Kada ku ce ba ku ji ba, don a gurup ɗin garin Gaya ya faɗo da hantsi, kuka saurari rabi kuka koma kallon bidiyon kokawa. Tsohuwa daga Tunuga tana cewa kogi ya cinye masussuka, shinkafar da suka yanke tana jibge a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta fara tsiro. Mutum ɗaya ne ya saurara har ƙarshe, shi ma kafin muryar ta ƙare ya riga ya fara janyo kaya daga bayan shagonsa.

Lawali Dodo ke nan, mai wifi na bakin tasha, wanda ya kafa gurup ɗin da kansa. Da eriya ɗaya ya fara, har rezonsa na intanet ya kai unguwanni, ya ga cewa wanda ya iya kai intanet lungu zai iya kai famfo. Ya shirya takarar konseye, wato kansila, ya buga manyan tantunan roba masu hotonsa. Sai sojoji suka hau mulki, aka rushe jam'iyyu, zaɓe ya zama sai wata rana. Tun lokacin tantunan ke naɗe, yana kakkaɓe su kamar kayan lefe.

"Ɗan takara, an sa ranar ne?" in ji Sumana direba, yana taya shi lodi.

"Yau ce ranar. Ja mu tafi."

Duk hanya Lawali bai rufe baki ba. Za a shimfiɗa tantunan a tudu, shinkafa ta bushe, Tunuga kaf ta ga fuskarsa. Ba taro ba ne, ba wanda zai ce ya yi siyasa. In shinkafa ta bushe ya naɗe abinsa.

Mata suka taru a tudun bayan gari da ƙwarya da buhuna. Lawali ya warware tanti na farko da kansa: ga shi cikin farar shadda, yana murmushi. Aka yi guɗa. Inna Hajara kuwa ta tsaya tana duban jan rubutun da ke sama.

"Ɗana, me aka rubuta nan?"

"Lawali Dodo, da yardar Allah, Inna."

Ta ja da baya. "To ɗauke. Sunan Allah ba ya kwanciya a ƙasa mu bi ta kai da ƙafa."

"A kife shi mana."

"In ka kife, ba ƙasa ya kalla ba?"

Sumana ya tuntsire da dariya. Lawali ya duba gabas. Hadari bai haɗu ba tukuna, amma rana ba za ta jira shi ba. Layi ɗaya ne, sunansa da na Ubangiji a jere. In ya yanke, ba sauran tantin zaɓe, sai hoton wani mutum mai shadda.

"Inna, ba ni lauje."

Ya durƙusa ya tsaga layin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ja na biyu. Kafin na biyar hannunsa ya saba, har yana yi wa Sumana tsawa ya yi sauri. Inna Hajara ta bi tana naɗe jajayen layukan, ta rataye su a reshen mangwaro.

Ƙwarya ta farko a kan murmushinsa aka juye ta. Mata suka bi da ƙafa suna bazawa, hula ta ɓace, shadda ta ɓace.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna Hajara. "Wa ma ka ce sunanka?"

Ya buɗe baki, sai ya hango tarin shinkafar da ya rage a bakin ruwa, ya fi wanda aka shanya yawa. Ya ciro waya ya ɗauki hoton tarin ya tura gurup.

Hoton yana wayarku yanzu. Wanda ke da tanti a kan mota ko a bayan shago, ya naɗe shi ya kai Tunuga kafin la'asar.