Hancin Yaya Efren

Yaya Efren ya ce ko an ɗaure masa ido, hancinsa yana gane gahawar barako tun daga bakin titi. A Manila ya koyo, inda ya buɗe shago ya rataya hoton Kaka Pining a bango.

Ni aji huɗu na tsaya, sauran karatun a kan tsani na yi shi. Bishiyoyin barakonmu sun ɗara rufin gida, ganyensu kamar faranti. In suka yi fure, har a coci ana jin ƙamshin. Ɗaya-ɗaya ake tsinkar 'ya'yan, masu ja kaɗai, kuma shekara sittin Kaka tana yi. Wanda ya sha tafasarta da safe, sai ya yini yana neman aikin yi.

Takarda ya zo da ita, yana so Kaka ta sa hannu gonar ta koma wurinsa. Duk garinmu Lipa an san abin da ke biyo baya. Gonar maƙwabtanmu yanzu gidaje ne iri ɗaya a jere, an rubuta sunan gahawa a ƙofar shiga, ba bishiya ko guda.

* * *

"Kaka, ai gona sai wanda ya san darajarta," in ji shi. "Ningning hawa kawai ta iya, kamar biri."

"Birin ne ke cika maka shago, Yaya," na ce.

Kaka ta ce, "Ningning, zubo wa yayanki na kan murhu."

Na zubo. Ya rufe ido, ya shaƙa, ya kurɓa, ya karkace baki kamar mai ciwon haƙori.

"Kin ji! Barako tsantsa, na tsohuwar bishiya. Har ƙasar gonar nan nake ji a harshena. Daga bishiyoyin gabas ne, ko?"

"Daga buhu ne," na ce.

"Ke, manya na magana."

Kaka ta ɗauki takardar, ta ninke ta huɗu, ta tura ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Ta girgiza shi, ya tsaya daram.

"Jikana, shekara uku ke nan likita ya hana ni barako saboda zuciya," ta ce. "Wannan shinkafa ce na soya ta ƙone, na tafasa. Ningning, ƙara masa, tunda ta yi masa daɗi."