Dinyoyin Tafkin Yamusa

Yamusa manomin doya ne a bayan Kurudu, inda gonaki suke gangarawa zuwa wani ɗan tafki. Duk shekara, da sanyi ya sauka, dinyoyin daji sukan iso da hantsi, jere a sama, su kewaya sau biyu su faɗa ruwa. Tun zamanin kakansa ba a harbinsu a nan. Su yi mako shida, su ƙara gaba.

A shekarun da kuɗin mai suka yawaita, Abuja tana cin daji ta ko'ina, wata Asabar wani mutum ya ajiye mota a bakin gonar. Sunansa Abdulmajeed, ma'aikacin gwamnatin tarayya, da madubin hangen nesa rataye a wuya.

"Sannu Baba. An ce kai ne mai dinyoyi."

"Ba nawa ba ne, Oga. Maƙwabta muke."

Abdulmajeed ya yi dariya, ya miƙa masa madubin. Ranar Yamusa ya fara ganin jar fuskar dinya kamar zai taɓa ta, har ya ja da baya.

Sanyi uku suka yi suna zama tare a gindin ɗorawa. Hannah, matar Yamusa, takan kawo musu gasasshiyar doya da manja. Yamusa ya daina ce masa Oga, ya koma ɗana.

Wata rana Abdulmajeed ya tambaye shi ko yana da takardar wurin.

"Wace takarda? Ga kabarin ubana can."

"Abuja ba ta san kabari ba, Baba. Bari in sa a auna, a keɓe shi saboda tsuntsayen, kada wani ya taɓa."

Da masu awo suka zo, Yamusa da kansa ya riƙe musu igiya, ya nuna musu iyaka. Aka ba shi takarda ya dangwala yatsa, yana ta godiya.

Sanyi na huɗu, ya sauko da safe ya tarar da katafila a bakin tafkin, tifofi suna juye jar ƙasa cikin ruwa. Shugaban leburori ya ce gidaje tamanin za a gina, ya karanta masa sunan mai filin: Abdulmajeed. Yamusa ya sa ya maimaita.

Yana nan tsaye dinyoyin suka iso. Suka kewaya, suka sake kewayawa, suna kuka. Guda ta sauko ƙasa ƙasa, ƙarar injin ta mayar da ita. Sai suka miƙe kudu. Ya bi su da ido har suka ɓace.

Kwana biyu yana zarya kafin aka bar shi ya shiga ofis. Abdulmajeed ya tashi ya ba shi kujera. Bai zauna ba.

"Ɗana, ka ci doya a hannun matata."

"Baba, ka fahimce ni. Ko ban karɓa ba, wani zai karɓa. Gara ni da na san ka. In an gama ginin, aikin gadi naka ne."

"In yi gadin me?"

Abdulmajeed ya sunkuyar da kai kan takardunsa.

"Tun ranar farko, ruwan kake kallo ko tsuntsayen?" in ji Yamusa.

"Wallahi ina son tsuntsayen, Baba."

Wannan ce ta fi yi wa Yamusa zafi, don ya ga alamar gaskiya yake faɗa.

Kafin damina Yamusa da matarsa suka kwashe zuwa wajen ƙanensa a Karshi, aka yanka masa gona mai tsakuwa. Da Kirsimeti wani direba ya nemo su da buhun shinkafa da gaisuwar Oga. Hannah ta dubi mijinta. A lokacin ba su da wadatar abinci.

"Mayar masa," in ji Yamusa. "Ka ce ba ka same mu ba."