Akwatin Malam Bukari

Safwan ya iso Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, da hantsin Asabar. A Paris yake tuƙin motar kaya, kuma tun sadakar arba'in ta mahaifinsa bai taka Lyon ba. Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Fatsima, tana suyar ƙosai ita kaɗai, gidan ya yi mata yawa.

Akwatin mahaifinsa, Malam Bukari, yana nan saman kabad, inda yake tun Safwan yana yaro. Akwatin komawa gida Damagaram ne. Duk abin kirkin da tsohon ya samu, ciki yake jefawa: shadda, turare, takalmin da bai taɓa sawa ba. Kujera mai kyau ma ya ƙi saya. "Wa ke sayen kujera a tasha?" haka yake cewa.

Da wannan tunani ya yi inshorar rai. An ce masa iri biyu ce, akwai mai wa'adi, akwai wadda ke bin mutum har ranar da ya cika. Ya zaɓi ta shekara ashirin, don a kai gawarsa gida in ajali ya yi gaggawa. Ɗayar kuwa, ya ce ta wanda ya yanke ƙauna da Damagaram ce. Wa'adi ya cika yana nan, ya ƙi sabuntawa, don a ganinsa kamar ya sallama ne. Da ya rasu babu abin da ya fito. 'Yan ƙungiyar mutanen garinsu suka yi karo-karo, bai isa kuɗin jirgi ba. A sashen Musulmi na wata maƙabarta bayan gari aka binne shi, kabarin ma na haya.

Bayan sun gaisa da Inna ya ci ƙosai, Safwan ya sunkuyar da kai.

"Inna, Zouera kwana biyu ba ta jin daɗi."

Inna ta gane surukarta ta samu juna biyu. "Sai da ka cinye mini rabin ƙosai za ka faɗa? Allah ya raba lafiya."

"Amin. Shi ya sa na je wurin masu assurance, maganar inshorar rai. Tambayar da suka yi wa Baba ita suka yi mini."

"Ka ce me?"

"Na ce zan yi shawara. Mai wa'adin ta fi sauƙi. Kuma ai muna da niyyar komawa, nan da 'yan shekaru..."

"Yi mini shiru. Muryar ubanka nake ji, saura tarin."

Ya yi 'yar dariya.

"In na ɗauki ɗayar, Inna, kamar na ce na bar gida ke nan."

"Wane gida? Wa ka sani a Birnin Damagaram? Kai da in ka yi Hausa sai ka jiƙa ta da Faransanci." Ta kashe wuta, ta zauna. "Ɗauki wadda ba ta ƙarewa. In ka koma da ƙafarka, alhamdulillahi. In ba haka ba, a kai ka. Ni na zauna a ɗakin nan ina jin maza suna tara wa mijina kuɗin jirgi, har suka yi shiru. Kada 'yar mutane ta ji wannan shirun."

Safwan ya fita baranda ya kira Zouera, ya ce ranar Litinin zai koma ya sa hannu a kan ta har mutuwa. Ya daɗe a tsaye yana kallon bus suna wucewa, yana jin kamar yau ya sake binne Baba.

Da ya shigo, Inna ta nuna saman kabad.

"Sauko mini da shi."

Suka buɗe. Turaren ya bushe a kwalba, shaddar ta yi layi a wurin ninki. Ta ciro takalmin, ta goge shi da bakin mayafinta.

"Gwada."

Ya yi masa daidai.

"To, ka sa shi a nan," in ji ta. Ta juya ta ci gaba da fidda kayan, ba ta bari ya ga fuskarta ba.