Ƙofar da Babu Takalmi

Sulemana mahauci ya dawo daga dutsen Afadjato da ke yankin Volta ranar Lahadi da azahar, ba wanda ya ga shigowarsa. 'Yan gidan hayarsu na unguwar Maamobi duk sun tafi suna.

Ƙungiyar unguwa ce ta shirya hawan dutsen don taimakon marayu. An ce masa shekara hamsin da huɗu ba ta wasa ba ce, ya ƙi ji. Ya hau da takalminsa na fata na zuwa Juma'a, wai shi ba ya sa na 'yan ƙwallo. Takalmin ya yage a gangara, ya yar da shi, tasi ta kawo shi gida ƙafa a kumbure.

A gidan nan, takalmi a bakin ƙofa shi ke nuna mutum yana ciki. Nasa babu, silifas ɗinsa kuma suna ƙarƙashin gado. Sai kowa ya ɗauka yana Volta har yanzu.

Kwana biyu yana kwance. Gwiwoyi sun ƙi lanƙwasuwa, salla ma a zaune yake yi. Ruwan leda ya ƙare, gari ya ƙare. Yana jin ana jera bokitai a famfo, yana jin Wahab tela na cewa, "Tsohon nan yana can yana shan iska." Kira ɗaya ya ishe shi. Amma mutumin da ya yi alfahari a gaban masallaci ba ya son a gan shi yana rarrafe. Wannan ba haƙuri ba ne, girman kai ne.

Ranar Talata da safe ƙishirwa ta fi ƙarfinsa. Ya ji ƙarar ludayin Husseina mai koko.

"Mma Husseina!"

Ta tura ƙofa, ta ɗaga labule, ta tsaya.

"Subhanallahi! Baba Sule, mutum ne ko aljan? Yaushe ka dawo?"

"Shekaranjiya."

"Dutsen ne ya cinye maka baki? Da ka mutu sai wari ya gaya mana?"

"Ba ni ruwa, don Allah."

Ta ba shi ruwa, ta ajiye kofin koko, ta ce za ta gasa masa ƙafar idan ta sayar. Masu saye na jiranta a titi.

"Bar ƙofar a buɗe," in ji shi.

Ta bar ta. Ya kwanta yana kallon tsakar gida, kowa ya riga ya fita aiki.